Dambun hantar Yahudawa: zare

1/
Jama'a yau zaren abinci ne, kuma doguwar magana ce, mai sauri ya ajiye sai dare. Kan hantar kaza za mu yi. Eh, ita dai wannan da muke jefawa cikin miya tare da ƙundu, yara su yi ta rigima a kanta. Akwai mutanen da suka mai da ita abincin girmamawa na ranar ibadarsu tun ɗaruruwan shekaru: Yahudawan gabashin Turai.

2/
Da harshensu na Yiddish sunansa gehakte leber, wato daddatsattsiyar hanta. Ni dambun hanta nake ce masa don shi ya fi kusa a wurinmu, duk da nasu da danshi yake, shafa shi ake yi a kan wani abu. Kayan haɗinsa huɗu ne kacal: hanta, albasa, dafaffen ƙwai, kitsen kaza. Sai gishiri da masoro. Ba gari, ba suga, ba madara.

3/
Kafin masu zafin kai su iso ƙasan zaren nan: abincin ya girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da ƙarnoni. Girkin matan ƙauyukan Poland da Yukren da Lituweniya ne, talakawan da kaza ɗaya ke ciyar da gidansu ranar hutu. Maganar tukunya muke yi yau.

4/
Ta ina na san shi? Aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi a New York. 'Yan Bronx sun san aikin nan, matanmu na Afirka ta Yamma da yawa da shi suke biyan haya, da shi suke tura kuɗi gida. Wadda nake kula da ita Bayahudiya ce a unguwar Riverdale, ta haura tamanin da biyar. Kaka zan kira ta a nan. Jikokinta ma bubbe suke ce mata, ma'anarsa ke nan.

5/
A Amurka aka haife ta, amma mahaifiyarta daga Poland ta zo a jirgin ruwa. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa wajen miliyan 2 suka baro gabashin Turai zuwa Amurka, suna gudun talauci da farmakin da ake kai wa unguwanninsu. A 1924 Amurka ta yi dokar da ta kusan rufe ƙofar. Uwar Kaka na cikin waɗanda suka shigo kafin a rufe.

6/
Kaka na da ciwon suga. Bara abin ya tsananta, likita ya ce a rage mata sitaci sosai. 'Yarta ta manna takardar a jikin firiji. Ni da ke girki na karanta, na ga kusan duk abin da tsohuwar nan ta sani da sunan abinci yana cikin abin da za a rage.

7/
Challah, burodinsu na Asabar da ake yi wa kitso kamar gashi. Kugel, dankali ko taliya da ake haɗawa da ƙwai a gasa. Latkes, gogaggen dankali da ake soyawa kamar ƙosai. Curin garin matza da ake sakawa cikin romon kaza. Duk gari ne da dankali, domin abincin ƙasar sanyi ne, na mutanen da ke neman abin da zai riƙe ciki da araha.

8/
Sai ta daina ci. Ba rigima, ba faɗa. In kai mata gasasshen kifi da ganye, ta ci cokali biyu ta ce ta ƙoshi, na gode 'yata. Kwana da kwanaki. Riguna suka fara yi mata yawa. Gwajin jini ya nuna jininta ma ya yi ƙasa.

9/
Wannan wurin ya taɓa ni, don na san shi daga gida. Mahaifiyata ma suga gare ta. Ranar da aka ce ta rage tuwo da shinkafa da fura, a waya ta ce min, to me ya rage kuma, ciyawa zan ci? Duk wanda ke da tsoho mai wannan ciwo ya san muryar nan. An ɗauke wa mutum abincin uwarsa an miƙa masa na asibiti.

10/
'Yar Kaka ta zauna da takardar likita tana bin girke-girken gidansu ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda ya tsira. Dambun hanta ya tsira. Ta tambayi likita, ya ce sau ɗaya a mako ba laifi, kuma zai taimaka wa jinin. Ta sayo na kanti a roba. Kaka ta ɗanɗana ta ture: zaƙi ya yi yawa, kuma ya yi sumul kamar abincin jarirai. Ta ce min, hau kujera ki sauko min da akushin mamata.

11/
Akushi ne na gaske, na katako, tsakiyarsa ta lotsa saboda sara. Tare da wata wuƙa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, mariƙinta a sama, hakmeser suke ce mata. Hannun Kaka yanzu rawa yake, ba ta iya riƙe ta. Don haka tsarinmu tun daga ranar: ita baki, ni hannu.

12/
Abin da ya fi burge ni shi ne kowane mataki na girkin nan akwai doka ko talauci a bayansa. Ba wanda ya zauna ya ce bari in ƙirƙiro abincin masu rage sitaci. Bari in bi da ku ɗaya-ɗaya, don in ka gane dalilin ba ka buƙatar rubuta komai.

13/
Jini tukuna. Attaura ta haramta musu cin jini, kuma malamansu sun tsananta a kai fiye da yadda muka saba. Yanka kaɗai bai isa ba. Nama sai an jiƙa shi rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa ya yi awa guda, a ɗauraye sau uku. Amma hanta sun ce jininta ya fi ƙarfin gishiri. Wuta ce kaɗai ke fitar da shi.

14/
Don haka dole a gasa ta tsirara a kan waya, wuta na dukanta kai tsaye, jinin na ɗiga ƙasa. A ɗan barbaɗa gishiri, a juya, sai bayanta ya bushe ya canza launi, sannan a ɗauraye sau uku. Wayar da farantin da jinin ke ɗiga a kai na wannan aikin ne kawai a kicin ɗin Kaka, ba a taɓa su da wani abinci.

15/
Mu a fiƙihunmu hanta da saifa halal ne kai tsaye, ba a ɗora mana wannan gashin ba. Amma ko a gidana ba na tsallake shi, saboda ɗanɗano. Wanda ya taɓa cin hanta wurin mai tsire ya san bambancinta da wadda aka tafasa. Gashin ke kashe ƙarnin, ya bar ɗan ƙamshin wuta. Rabin daɗin abincin a nan yake.

16/
Wani abu kuma: Kaka ce ke kunna wutar da hannunta, ko da sai na riƙe ta mun taka zuwa kicin. A al'adar Yahudawan Turai, in wanda ba Bayahude ba zai dafa musu irin wannan abinci, ya wadatar Bayahude ya kunna wutar. Ta murɗa, ta koma kujera, ta fara ba da umarni. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Ita ma in lokacin salla ya yi, kallon agogo take ta ce min, je ki, albasar za ta jira.

17/
Sai kitse. Me ya sa kitsen kaza? Dokarsu ta hana haɗa nama da madara a girki ɗaya, har kaza ma malamansu sun sa ta ciki. Kicin ɗin Kaka tukwane kashi biyu ne, cokula kashi biyu, soso ma biyu: na nama daban, na madara daban. To bota ya fita. Kitsen alade da maƙwabtansu Kiristoci ke girki da shi haram ne. Man zaitun kuwa ba ya isa ƙauyen Poland, in ya isa ma talaka ba ya iya saye.

18/
Me ya rage? Kitsen tsuntsu. A narkar da shi a tace, su kira shi schmaltz. Kakidensu ke nan. Da farko na dinya ne, wannan babbar agwagwa mai dogon wuya. Yahudawan yankin Alsace, kan iyakar Faransa da Jamus, sun yi suna wajen kiwata ta don kitsenta, kuma dinyar da aka ɗura wa abinci hantarta kumbura take yi. Masu tarihin abinci da dama daga can suke ɗauko asalin wannan dambu, har suna danganta shi da foie gras da Faransawa ke taƙama da shi yau.

19/
Da suka yi ta matsawa gabas, talauci ya ƙaru, kaza ta maye gurbin dinya. Kaza ɗaya hanta ɗaya gare ta, gida kuma mutum takwas. Shi ya sa ƙwai da albasa suka shigo da yawa: a ja hantar ta isa kowa ya samu cokali. Irin dabarar da iyayenmu ke yi da ɗan nama a tukunyar miya.

20/
Na ƙarshe, Asabar. Daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa fitowar taurari daren Asabar ba sa kunna wuta, ba sa girki. Ana buƙatar abin da za a yi tun da wuri, a ci da sanyinsa, kuma ya ƙara daɗi in ya kwana. Dambun hanta ya cika sharuɗɗan duka. Shi ake fara kawowa a share fage kafin romo da kaza. Mu ranar Alhamis muke yin namu.

21/
To ga yadda ake yi. Kaka ba ta awo, ido ba mudu ba ya san kima. Ni ce na riƙa auna abin da ta nuna da yatsa har na samu wannan:
hantar kaza rabin kilo
albasa biyu matsakaita, wajen giram 300
ƙwai uku
kitsen kaza narkakke cokali huɗu zuwa biyar
gishiri, masoro

22/
Fara da kitsen, don shi ke cin lokaci. Ki tara fatar kaza da kitsen da ke maƙale wajen wutsiya da cinya. A nan mahauta kusan kyauta suke bayarwa, Turawa ba sa so. Yayyanka ƙanana, zuba a kasko da ruwa kamar rabin kofin shayi, wuta can ƙasa. Ruwan zai ƙone, kitsen ya fara narkewa a hankali. Minti 45 zuwa awa ɗaya. In kika ƙara wuta don sauri, ɗaci zai yi.

23/
Da fatar ta fara ja, jefa ɗan yankin albasa. In komai ya yi ruwan zuma a tace. Man shi ne schmaltz. Ƙanzon fatar da ya rage a matata kuma gribenes, ƙarus-ƙarus kamar ganda da aka soya ta bushe. Kaka ta ce suna yara a kan wannan ake dukan hannunsu a kicin. Na yarda, don ni ma da girmana sai na kai zuciya nesa.

24/
Hanta: a wanke, a cire jijiya da farin zaren da ke haɗa ɓangarorin biyu. Sannan a duba da kyau, duk inda kika ga kore-kore a yanke a yar. Matsarmama ce ta taɓa wurin. Guda ɗaya tak ta isa ta ɓata rabin kilon nan, kuma ba abin da za ki ƙara ya gyara. Kaka ko da idonta ya yi rauni sai na kawo mata farantin ta duba da kanta ƙarƙashin fitila.

25/
A gasa kamar yadda na faɗa. Mu da wutar sama ta oben muke yi, minti huɗu zuwa biyar kowane gefe. Wanda ke da gawayi da waya ya fi mu morewa.

26/
Albasa. Nan ne mutane ke gaza haƙuri. A yanka, a zuba cikin kitsen cokali uku, wuta kaɗan, ana juyawa lokaci-lokaci. Rabin awa, wani lokacin fiye. Ba soyawa ake yi ta ƙone baki-baki kamar ta miyar sauri ba, so ake ta narke ta yi laushi, launinta ya koma kamar na dabino. Duk zaƙin da abincin ke buƙata daga nan yake fitowa. Mai zuba suga a dambun hanta gajeren haƙuri ne ya kai shi.

27/
In albasar ta yi, a zuba gasasshiyar hantar a ciki minti biyu ko uku su san juna, a tabbatar cikinta ya dahu. A sauke ta huce. Ƙwai kuma an riga an dafa, minti 10, an ɓare.

28/
Sai sara. Hanta da albasa da ƙwai duka cikin akushi, hannu ɗaya na juya akushin, ɗaya na sara. Kwas, kwas, kwas. Ana so ya haɗe amma harshe ya riƙa cin karo da ɗan farin ƙwai nan, ɗan albasa can. A ƙara sauran kitsen kaɗan-kaɗan har ya daina warwatsewa. Gishiri ya ɗan fi yadda kike zato, don sanyi na rage ƙarfinsa. Masoro da hannu sake.

29/
Ba ki da akushi? Katakon yanka da babbar wuƙa sun isa. Turmi ma zai yi in an bi a hankali. Blenda ce ban yarda da ita ba. Daƙiƙa goma ta mai da shi kunu, kuma hantar da aka niƙa sosai wani ɗaci-ɗaci take fitarwa. In dole sai inji, a riƙa dannawa ana saki, sau biyar ko shida, a tsaya.

30/
A rufe a sa firiji ya kwana. A fito da shi minti 20 kafin ci don kitsen ya saki. A barbaɗa gribenes a kai in ya kai gobe.

31/
Yanzu lissafin sitacin, ga masu ƙirga. Hantar kaza giram 100 ba ta kai giram 1 na kabohaidiret ba. Ƙwai ɗaya wajen rabin giram. Kitse sifili. Albasa ce mai shi, wajen giram 9 a kowane 100. In kika tara duka kwanon bai wuce giram 33 zuwa 35 ba. Raba wa mutum takwas, kowa wajen giram 4.

32/
Kwatanta: yankan burodi ɗaya giram 13 zuwa 15 ne. Matza, busasshiyar gurasarsu marar yisti ta Idin Ƙetarewa, falle ɗaya ya haura giram 20. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100, wadda ba ta ma cika ludayi biyu ba, wajen 28. Ka ga hatsarin ba cikin kwanon yake ba, yana wurin abin da za ka shafa a kai.

33/
A nan muka ɗan ja da Kaka, don ita da burodin hatsin rai ta saba ci. Muka sasanta: kokwamba da aka yanka da kauri, tattasai ja da aka tsaga kamar cokali, ganyen latas a naɗe, da tsamammiyar kokwambarsu ta ruwan gishiri, wadda ba suga cikinta. Tsamin na yanke maiƙon. Sai siririn yankan challah ɗaya daren Juma'a, wanda aka sa cikin lissafin abincinta na ranar, don wannan ibada ce a wurinta.

34/
Ta tuna ma cewa mahaifiyarta da baƙin radish take kawo shi, wata saiwa mai yaji da ake gogawa a haɗa da kitse da gishiri. Muka nemo a kantin 'yan Rasha. Ashe tun asali akwai hanyar cinsa da ba burodi. Ranar ta cinye farantinta, ta sa yatsa ta suɗe gefen, ta ce albasar ta so ƙarin minti biyar. A bakin Kaka yabo ke nan.

35/
Ban ce hanta ta warkar da ita ba, kar wani ya ɗauki zaren nan ya kai wa tsohuwarsa a matsayin magani. Tana kan magungunanta, likita na bibiya. Abin da na gani da idona shi ne daga ranar ta koma zama a teburi, har sauran abincin ma ta fara taɓawa. Ta fara tuno wasu girke-girken da za su shige takardar firijin: romon kaza ba curi, kabeji da nama, kifi mai tsami.

36/
Dalilin da likita ya amince: hantar kaza giram 100 na da ayon wajen miligiram 9, irin wanda jiki ke saurin ɗauka, ga bitamin B12 da ya ninka buƙatar yini sau da yawa, ga furotin wajen giram 17. Ga tsohon da ba ya iya cin da yawa, cokali uku na wannan ya fi faranti na wani abin.

37/
Amma ku tsaya, ga inda ake kuskure. Bitamin A ɗin da ke cikin hanta ya yi yawa, kuma jiki tara shi yake, ba ya fita da fitsari. Babba na buƙatar maikrogiram 700 zuwa 900 a yini, iyakar da ba a so a wuce 3,000, hantar kaza giram 100 kuma ta haura 3,000 ɗin. Shi ya sa sau ɗaya a mako, kuma abin share fage ne, ba a cika kwano a zauna kamar tuwo.

38/
Mai juna biyu ta bar shi gaba ɗaya. Hukumar lafiyar Birtaniya ƙarara take cewa masu ciki su guji hanta da duk abin da aka yi da ita, don yawan bitamin A na iya cutar da jariri. Na san a gida hanta ake tura wa mai ciki don ƙarin jini, shi ya sa nake nanatawa. Mai ciwon gaut, wannan da ke kama babban yatsan ƙafa, shi ma ba nasa ba ne. Mai allurar insulin kuma kar ya zabge sitaci rana ɗaya ba da sanin likita ba, sugan na iya faɗuwa ƙasa warwas.

39/
Kuma a dafa ta ta dahu. Za ku ga masu girkin bidiyo na cewa a bar cikin hanta ja-ja don laushi. Hantar kaza na ɗauke da ƙwayar Campylobacter har can cikinta, ba a baya kaɗai ba, kuma gudawar da take sawa ba ta wasa ba ce. Mai ma'aunin zafi ya ga digiri 74. Marar shi ya tsaga mafi kauri, in akwai jini-jini a mayar. Laushin daga kitse da albasa zai zo.

40/
Wani ɗan tarihi da Kaka ta ba ni muna sara. Ta ce akwai lokacin da matan unguwarsu suka watsar da schmaltz, aka ce na ƙauyawa ne. Kamfanin Procter & Gamble ya fito da Crisco a 1911, daskararren man tsirrai da ke shiga girkin nama da na madara duka, har a 1933 suka buga littafin girki da Yiddish da Turanci don matan Yahudawa. Daga baya tsoron kitsen dabba ya ƙarasa korar na kazar.

41/
Sai ga shi a 2015 hukumar abinci ta Amurka ta yanke cewa irin man da ake daskarar wa ta wannan hanya ba shi da aminci, aka hana shi. Kaka dariya take in ta zo nan. Ni dai ba zan ce kitsen kaza magani ba ne, kitse kitse ne. Amma nau'in da likitocin zuciya ke tsoro wajen kashi 30 cikin 100 ne a cikinsa, na bota ya haura 50. Cokali biyar ga mutum takwas ba abin tashin hankali ba ne.

42/
A New York abincin ya fita daga gida ya shiga kanti. Katz's har yau suna sayarwa. An yi zamanin da a wurin biki ake gina shi kamar mutum-mutumin kaza a tsakiyar teburi. Amurkawa ma na da wata magana, in an yi banza da mutum a taro sai ya ce, ni fa, dambun hanta ne? Wai don shi kullum a gefe yake, ba shi ne babban abinci ba. Kaka ta ce wanda ya ƙirƙiro maganar na kanti ya ci.

43/
Ga masu son saye a waje: a karanta jikin robar. Wasu na zuba giya kaɗan irin na Faransawa, wasu suga, wasu garin burodi don ya yi auki, wasu mayonis. Na Kaka ba ko ɗaya. Ni nawa na gida da hantar mahautan halal na Bronx nake yi, hankalina kwance.

44/
Kuma a nawa ina saka attarugu guda cikin albasar, da ɗan citta. Na taɓa ba ta labari, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, abincinki ne, amma ki sa masa wani suna. Ban sa dunƙulen ɗanɗano ba dai, ba ya buƙata. Wanda bai samu fatar kaza ba man gyaɗa zai yi, sai dai ƙamshin ba zai kai ba. Manja kam a'a, zai danne komai.

45/
Na tura wa ƙanwata yadda ake yi ta gwada wa Mama. Ita a kan gawayi ta gasa, kuma kazar gida ce, don haka sai da ta tara hantar kaji da yawa wurin masu fige kaji a kasuwa. In za a saya a can a je da safe, a ɗauki wadda aka fitar yanzu, mai sheƙi, a dafa a ranar. Mama da gurji ta ci. Ƙorafinta ɗaya, wai me ya sa abinci zai zo da sanyi. Yanzu da ɗuminsa suke ba ta, kuma hakan ma ya yi.

46/
Ajiya: kwana uku a firiji mai wuta tsaye, a rufe sosai, a shafa ɗan kitse a sama kar ya yi baƙi. In wutarku irin mai zuwa da tafiya ce, kar ku yi rabin kilo. Ku yi kwata, ƙwai biyu, albasa ɗaya babba, a cinye a ranar. Hanta da ƙwai ba sa jure zafi ko na 'yan awanni.

47/
Schmaltz ɗin da ya rage kuma kar a zubar. A zuba a kwalba a sa firiji. Gobe da safe a soya ƙwai da shi.